Wayata ta cika: filashi zan saya, ko katin memori, ko SSD?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, tuƙi nake yi. Wayata Samsung ce mai giga 128, kuma ta cika har bidiyon WhatsApp ya daina sauka. Yawancin abin da ke cikinta karatun tafsiri ne da na tara, da bidiyon Umara, da hotunan yara. Maiɗakina ma tana riƙe da tsohuwar iPhone, ita ma kullum kukan rashin wuri take yi. Na ga filashi a wani teburi a kasuwa an rubuta masa tera 2, wato giga 2,000, ana sayarwa riyal 40. In saya in kwashe komai a ciki in goge na waya? Kuma zai yi aiki a wayoyin biyu? Ina kuma son in aika wa mahaifiyata wasu bidiyon da karatun a Kano ta hannun wani alhaji da zai koma gida.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka sayi wannan filashin, kuma ko na gaske ka samu daga baya, kada ka goge abin da ke wayarka don kawai ka kwafe shi a wuri guda. Zan fara da filashin teburin domin shi ne ya fi gaggawa, sannan mu duba abin da ya dace da wayarka da ta maiɗakinka.

Kowane filashi yana da sassa biyu a cikinsa: ƙwayar da ke riƙe bayanai, da wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da shige da fice, wadda ita ce ke gaya wa waya ko kwamfuta girman filashin. Waya ba ta ƙirgawa da kanta, abin da aka faɗa mata shi take nunawa. Masu yin jabu sukan ɗauki ƙwaya mai giga 16 ko 32, su sauya lissafin ƙwaƙwalwar ta riƙa cewa tera 2 ce, su zuba ta a gida mai ƙyalli da sunan babban kamfani. Shi ya sa idan mai teburin ya soka maka shi a wayarka a gabanka za ka ga tera 2 ɓaro-ɓaro, ya kwafa maka bidiyo biyu su buɗe lafiya lau, ka biya ka tafi. Kamar buhun da aka cika da ƙaiƙayi ne aka zuba hatsi a bakinsa. Ɓarnar ba ta fitowa sai kayan da ka zuba sun wuce ainihin girman ƙwayar, daga nan ko dai sabon fayil ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko a zubar da shi ba tare da wani gargaɗi ba, alhali sunayen fayilolin da girmansu suna nan a jere kamar babu abin da ya faru. Mu masu gyara irin wannan matsalar ce muka fi jin nauyin bayaninta, domin mutum yakan zo bayan watanni, ya riga ya goge na wayarsa, yana danna hoto yana ganin baƙin allo, kuma babu wata manhaja da za ta dawo da abin da tun farko ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Farashin kansa ya isa shaida, domin ma'ajiya ta gaske mai tera 2 ɗaruruwan riyal ake sayar da ita. Ka sayi naka a wurin da za a ba ka fatura, wato rasit, da garanti, kamar Jarir ko Extra, ko shago mai rajista a kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu, kuma idan ta intanet za ka saya ka duba wane ne ainihin mai sayarwar, saboda manyan shafuka ma suna ɗauke da ƙananan 'yan kasuwa iri-iri. Sunan SanDisk ko Samsung ko Kingston a jikin kwali bai wadatar ba, su ne ma aka fi kwaikwayo. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a cika filashin da bayanai har baki, a sake karanta su. Akwai manhaja ta kyauta a kwamfuta mai Windows, sunanta H2testw, da ke yin wannan aikin, kuma ya kamata a yi gwajin tun filashin yana sabo, kafin wa'adin mayarwa ya wuce. Sai dai kada ka ga kwamfuta ta nuna maka giga 119 a filashin 128, ko 238 a na 256, ka ce an cuce ka. Wannan bambancin lissafi ne kawai: kamfanoni suna ƙirga giga da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirgawa da 1,024.

Yanzu ga wayarka. Ba ka faɗi samfurinta ba, don haka ka fara da zaro tiren sim ka duba ko akwai gurbin katin memori. Samsung ta cire wannan gurbin daga manyan wayoyinta na jerin S tun daga Galaxy S21 a 2021, amma da yawa daga cikin na jerin A suna da shi. Akwai kuma wani abu da ya shafi mazauna nan musamman: a wayoyi da dama gurbi na biyu na tarayya ne, ko dai ka sa sim na biyu ko ka sa memori, ba duka biyun ba. Wanda ke riƙe da layin STC ko Mobily a gurbi ɗaya, da layin gida a ɗayan saboda saƙon banki, ba shi da wurin memori sai ya sadaukar da layi guda.

Idan gurbin yana nan kuma babu kowa a ciki, katin memori shi ne mafi sauƙin magani ga karatun tafsiri, domin yana zama a cikin wayar, kana tuƙi kana saurare ba tare da wani abu yana reto a bakin caji ba. Rubuce-rubucen da ke jikin katin suna da ma'ana. SDHC yana tsayawa a giga 32, SDXC kuma daga nan ya tashi har tera 2. Lamba 10 a cikin da'ira tana nufin katin ba zai gaza rubuta mega 10 a daƙiƙa ba, wanda ya ishi sauti da hotuna. U3 ko V30 suna nufin mega 30 a daƙiƙa, kuma shi ake bukata idan kamara za ta riƙa ɗaukar bidiyon 4K kai tsaye zuwa katin. A1 da A2 sun shafi gudanar da manhajoji ne daga kan katin, kai kuwa ba wannan ne bukatarka ba. Bayan ka sa katin, ka shiga saitin kamara ka mayar da wurin ajiya kansa, in ba haka ba za ta ci gaba da cika cikin wayar.

Akwai tarko biyu a nan. Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyin kan tambaye ka ko kana son katin ya zama ɓangaren ma'ajiyar cikin waya. Wayoyin Samsung ba su cika ba da wannan zaɓin ba, amma idan ka gamu da shi a wata wayar ka ƙi, domin ana kulle katin ne da mabuɗin da ke cikin wannan wayar kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko ta mutu, katin ya zama ba ya karantuwa a ko'ina. Na biyun yana kama da shi: Samsung tana da zaɓin kulle katin memori don sirri, kuma duk wanda ya kunna shi sannan ya mayar da wayar saitin kamfani ba tare da ya buɗe katin ba tukuna, ya yi asarar abin da ke ciki.

Ka kuma sani cewa katin memori ba zai hana WhatsApp cika maka waya ba, domin a cikin wayar yake ajiye kayansa ko da akwai kati. A sababbin Android za ka same su a manhajar My Files, cikin folda Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media. A nan za ka ga foldar bidiyo da ta sauti, kuma a cikin kowace akwai wata mai suna Sent, inda ake tara kwafin abin da kai ka tura wa mutane. A wayoyin da ake kawo mana sun cika, wannan wurin ne sau da yawa ke cinye kaso mafi tsoka, bidiyon gaisuwar Juma'a da na zaure-zaure da ba wanda zai sake kallo. Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, ka shiga saitin WhatsApp, sashen ma'ajiya, inda yake jera maka fayilolin da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ka share na banza, ka kuma kashe saukar bidiyo kai tsaye. Waɗanda ka kwashe zuwa waje kuwa ba za su ƙara buɗuwa daga cikin hira ba, sai dai daga inda ka kai su.

Idan babu gurbin memori, ko kuma abin da kake so shi ne kwashe bidiyon Umara da hotuna ka adana, to sai filashi ta bakin caji. Tsarin da ke ba waya damar wannan shi ake kira OTG. A al'ada waya ita ce ake sokawa a kwamfuta, kwamfutar ta ba ta wuta ta kuma jagoranci hirar, amma da OTG sai wayar ta karɓi matsayin kwamfuta, ita ke ba filashin wuta daga batirinta. Idan bakin cajinka USB-C ne, wato wanda ake sokawa ta kowace fuska, mafi dacewa shi ne filashi mai kai biyu, ɗaya USB-C na waya, ɗaya babban kai na kwamfuta da talabijin. Wannan bakin shi ne ma makomar kasuwar nan, domin tun 1 ga Janairun 2025 hukumomin Saudiyya suka wajabta USB-C a kan sababbin wayoyin da ake shigowa da su. Idan kuma tsohon ƙaramin bakin micro-USB ne, sai ka nemi adaftar da aka rubuta mata OTG, domin a cikinta ne aka haɗa wata ƙafa ta biyar da ke sanar da wayar ta sauya matsayi, adafta ta caji kawai ba za ta yi ba. A wayoyin Oppo da Realme da OnePlus da wasunsu akwai maɓallin OTG a cikin saiti da dole sai an kunna, kuma yakan kashe kansa bayan minti 10 idan ba a yi amfani da shi ba. Filashi da yawa da aka dawo da su shago da sunan sun mutu, wannan maɓallin ne kawai, ko kuma rigar wayar ce mai kauri ta hana kan ya shige sosai.

Wutar da waya ke iya bayarwa kaɗan ce. Ƙa'idar USB 2.0 miliamfa 500 ce, ta USB 3.0 kuma 900, kuma ba kowace waya ke kai wannan ba. Filashi da katin memori ba su da cin wuta. Had-dis mai faifai mai juyawa kuwa yana bukatar wuta mai yawa a lokacin da zai tashi, shi ya sa za ka ji yana ƙas-ƙas, fitilarsa tana kamawa tana ɗaukewa, wayar ba ta gan shi ba. Idan ka ji haka ka zare shi, domin maimaita wannan yana lahanta shi, kuma ba zai yi aiki daidai ba sai ta mahaɗin USB mai nasa caja. Ga mai yawo a mota ma ban ba da shawararsa ba, faɗuwa ɗaya yana cikin aiki kan iya gama da shi. SSD kuwa, wato ma'ajiya irin had-dis amma mai ƙwayoyi kamar na filashi a madadin faifai, ba shi da abin da ke motsi a ciki, ya fi filashi sauri da ƙarko nesa ba kusa ba, kuma yawancin ƙananan da ake sayarwa suna tashi da wutar waya.

Amma kada saurin da aka rubuta a kwalin SSD ya ruɗe ka, domin bakin wayar ne ke yanke hukunci. Wayoyi masu matsakaicin farashi da yawa, duk da cewa bakinsu USB-C ne, a ciki saurin USB 2.0 suke da shi, wanda a aikace bai cika wuce mega 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba. Da wannan saurin, kwashe giga 60 zai ci wajen rabin awa. Idan kuma filashin mai araha ne da ke rubuta mega 10 a daƙiƙa, aikin zai kai kusan awa ɗaya da minti 40, kuma duk tsawon lokacin bakin cajin a toshe yake, batir yana sauka. Saboda haka ka cika caji kafin ka fara, ka ajiye wayar a kan tebur, kada ka yi wannan aikin kana jiran fasinja.

Tambayarka ta ko filashi ɗaya zai yi aiki a wayoyin biyu ta rataya ne a kan tsarin da aka yi masa fomat da shi. Guda uku ne za ka riƙa gamuwa da su. FAT32 shi ne tsoho, kusan kowace na'ura tana karanta shi, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Wannan iyakar ba ta da nisa kamar yadda ake zato: bisa lissafin da iPhone ke nunawa a saitin kamararta, minti ɗaya na bidiyon 4K yana cin kimanin mega 170, mafi santsinsa kuma mega 400, wato bidiyon minti 24, ko ma na minti 10, ya isa ya kai giga 4. Mutum zai ga filashi da sauran wuri mai yawa amma yana ƙin karɓar bidiyon walima, ya ɗauka ya lalace. NTFS na Windows ne, kuma da shi had-dis da yawa ke zuwa daga kamfani, sai dai wayoyi da dama ko dai ba sa ganinsa sam, ko su karanta amma su kasa rubutawa. Na uku shi ne exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, ba shi da iyakar giga 4, kuma Samsung da iPhone da kwamfuta duka suna aiki da shi. Shi za ka zaɓa wa filashin gida. Fomat yana share duk abin da ke ciki, don haka tun yana sabo ake yi.

Wayar maiɗakinka ta fi taka wahala kaɗan. Babu iPhone da ta taɓa zuwa da gurbin memori, kuma sai a iOS 13 na 2019 manhajar Files ta fara ganin filashi, wanda ke nufin wayar ta kasance iPhone 6s ko wadda ta biyo bayanta. Daga iPhone 15 na 2023 bakin ya koma USB-C, filashinka zai shige kai tsaye. Tunda ka ce tsohuwa ce, mai yiwuwa bakin Lightning gare ta, kuma wutar da wannan bakin ke bayarwa ƙalilan ce ƙwarai, har takan rubuto cewa na'urar tana bukatar wuta fiye da kima. Maganinsa shi ne adaftar Apple ta kamara mai baki biyu, a soka filashi a ɗaya, a soka caja a ɗayan. Akwai kuma filashi da aka yi da kan Lightning a gefe ɗaya da USB-C a ɗaya gefen, wanda zai shiga wayoyinku duka, amma irinsa yakan bukaci manhajar kamfaninsa a iPhone, kuma ya fi tsada. Wajen kwashewa, za ta zaɓi hotunan a Photos, ta danna alamar turawa, ta zaɓi ajiyewa a Files, ta nuna filashin.

Abu ɗaya ta kiyaye ƙwarai. Idan hotunanta suna haɗe da iCloud, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, goge hoto a waya yana goge shi a can ma, domin madubin juna ne. Idan kuma an kunna zaɓin rage nauyin hotuna, to ainihin manyan suna iCloud, ƙananan kwafi ne a wayar, kuma sai an sauke su da intanet mai ƙarfi kafin su shiga filashi, don haka a yi aikin a kan wayifai. A wayoyin biyu kuma, abin da aka goge yana zama a kwandon shara har kwana 30, wurin ba zai buɗe nan take ba sai an zubar da kwandon. Ni na fi son a bar shi ya cika kwanakinsa idan wayar za ta iya jurewa, domin a cikinsu ne ake gano abin da bai kwafu daidai ba.

Wajen kwashewar kanta, ka zaɓi kwafa, kada ka zaɓi matsarwa. Matsarwa tana goge na asali yayin da take tafiya, idan filashin ya motsa ko batir ya mutu a tsakiya sai ka rasa tantance abin da ya tsallaka da wanda ya salwanta. Ka riƙa ɗauka kashi-kashi, folda bayan folda, ka ba kowace suna da shekara. In an gama ka gwada adadin fayiloli da girman foldar a ɓangarorin biyu, sannan ka buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe, bidiyo kuma ka ja shi zuwa kusa da ƙarshensa, domin lalataccen bidiyo yakan fara lafiya ya tsaya a hanya. Kafin ka zare, ka ja labulen sanarwa ka danna umarnin cirewa, wanda a wayar da ke Turanci aka rubuta Unmount ko Eject. Waya takan nuna ta gama alhali akwai ragowar da take ƙarasa rubutawa, kuma FAT32 da exFAT ba su da tsarin gyara kansu idan aka katse su ana cikin rubutu.

Sai batun gogewa, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Idan ka kwafe zuwa filashi ka goge na waya, kwafi ɗaya ne har yanzu a hannunka, ka dai ɗauke shi daga na'urar da kullum take aljihunka ka mayar da shi kan abin da bai kai ɗan yatsa ba, wanda kuma idan zai mutu ba ya sanarwa. Karatun tafsiri galibi ana iya sake samunsa a wurin wani ko a intanet, kwafi ɗaya ya ishe shi. Hotunan yara da bidiyon Umararka babu su a wurin kowa, su ne suka cancanci wuri biyu mabambanta kafin ka taɓa na waya. Da ni ne da kuɗina, zan sayi filashi na gaske mai kai biyu mai giga 256 don kai-kawo tsakanin wayoyin, in ƙara da SSD mai giga 500 ko tera 1 da zai zauna a gida, in kuɗin bai kai ba in sayi filashi biyu na kamfanoni daban-daban. Zaɓaɓɓun hotuna kuma, waɗanda rashinsu zai yi ciwo, a ɗora su a asusun Google, wanda ke ba da giga 15 kyauta, amma ka tuna da Gmail da ajiyar hirar WhatsApp ake raba wannan wurin. Na iCloud giga 5 ne kacal.

A matsayinka na direba, kada ka mayar da aljihun mota gidan filashi. Bayanan da ke cikin filashi da kati da SSD caji ne ɗan mitsitsi da aka tsare a cikin ƙwayar, yana zurarewa a hankali da tsawon lokaci, kuma zafi yana gaggauta zurarewar. Ƙa'idar da masana'antar ke bi ta tanadi cewa SSD na amfanin gida da ya ƙare ƙarfinsa na rubutu ya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, sabo yana wuce haka sosai, amma ka kwatanta digiri 30 da cikin motar da aka rufe a rana a Jidda a watan Yuli. Ga kuma laimar teku da ke cin bakin ƙarfe. Ka ajiye su a ɗaki, cikin ƙaramin akwati, kuma duk shekara ka fito da su ka buɗe ka gani, bayan 'yan shekaru ka sake kwafewa zuwa sabo.

Na Hajiya mahaifiyarka kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ka saya mata nata daban, sabo, kuma ka fara tambayar da me za ta kalla ko ta saurara. Idan ƙaramar rediyon nan ce mai cin memori da filashi, ko tsohuwar talabijin, yawancinsu FAT32 kaɗai suka sani, don haka kati ko filashi mai giga 32 ko ƙasa da haka, a tsarin FAT32, shi ne daidai, kowane bidiyo kuma ya gaza giga 4. Irin waɗannan rediyoyin MP3 suke karantawa, saƙon murya na WhatsApp kuwa da wani tsari yake zuwa mai suna opus, wanda akasarinsu ba sa buɗewa, sai an juya shi zuwa MP3 tukuna. Haka hotuna da bidiyon iPhone, tun 2017 suke fita da tsarin HEIC da HEVC, waɗanda tsofaffin talabijin ba su sani ba, sai an mayar da su JPEG da MP4 na gama-gari. Ka gwada a wata na'ura makamanciyar tata kafin alhajin ya tashi. Na ce sabo ne saboda abin da aka goge a tsohon filashi ana iya tono shi da manhaja mai sauƙi, kuma wannan zai bi hannaye da dama kafin ya isa, wataƙila har shagon tura waƙoƙi. Kada hoton iƙamarka, wato takardar izinin zama, ko fasfo ko takardar banki ko hotunan iyali na cikin gida su taɓa shiga cikinsa. Na'urar binciken kaya ta filin jirgi ba ta yi wa filashi komai, amma ya sa shi a jakar hannu, cikin ambulan mai suna.

Idan wata rana ka soka filashi ko kati wayar ta ce ya lalace, tana neman izinin yi masa fomat, kada ka amince. Ka zare shi, ka gwada a wata wayar ko a kwamfuta, domin sau da yawa wayar ce ba ta gane tsarinsa ba, ko adaftar ce ta saki. In kwamfutar ma ta nemi fomat, ka daina sa masa komai, ka kai wa mai ceto bayanai, kuma ka ce masa ya fara ɗaukar cikakken kwafin filashin zuwa wani wuri kafin ya gwada kowane gyara a kansa.